Ranar da Gwiwata Ta Sauke Ni Daga Limanci

Ba zan taɓa mantawa da wata sallar Azahar da na ja a Argungu ba, ko in ce wadda na fara ja, domin ba ni na kai ta sallama ba. Shekaru sun tura, da yawa daga cikin waɗanda suka tsaya a bayana ranar sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, amma har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Na daɗe ina ba da labarin a kan cewa ciwo ne ya kayar da ni. Yau dai zan faɗi gaskiya. Ciwo ya yi nasa, amma hassada ce ta kai ni inda na faɗi.

Shekara ta biyu ke nan da yanke mana jihar Kebbi. Mu ma'aikatan da ke Sakkwato aka ce kowa ya kwashi kayansa ya koma gida, muka cika Birnin Kebbi har ɗakin haya ya yi wuya. Ni malamin addini ne a makarantar firamare. Na samu ɗaki biyu a Gwadangaji, ni da maiɗakina Hajo da yara. A layinmu akwai ɗan masallaci na ƙasa mai rufin kwano, wani dattijo ke limancinsa, Baba Liman muke ce masa. A shekarar nan ya samu kujerar Makka, ya kuma faɗa a gaban jama'a cewa kafin ya tashi zai naɗa na'ibi, wanda zai riƙa jan salla idan ba ya nan. Kowa ya san duk wanda aka ba shi ne zai gaje shi.

Mutum biyu ake ambata, ni da Malam Bawa.

Bawa taubashina ne, ɗan kawuna, haifaffen Argungu. Tare aka sa mu makarantar allo, tare muka shiga littattafai, shi ma aikin gwamnati ya kawo shi layinmu. Ba yabon kai ba, na fi shi hannu. Idan na ja alƙalami na rubuta ajami, tsofaffi kan karɓi takardar su yi ta juya ta ko ba su da niyyar karantawa. A fiƙihu kuwa mun yi kunnen doki (shi zai ce ya ɗan fi ni, ni kuma ban yarda ba har gobe). Abu guda ya fi ni da shi wanda ba yadda zan yi: gwiwa.

Mutumin nan ya girme ni da shekara biyu. Gidansu gidan masunta ne, tun yana yaro yake cikin gulbi da homa, ragar kamun kifi, da gora, ruwa har wuya, rani da damina. Duk abin da aka gaya mana game da sanyin ƙashi ya kamata a ce ya tattaru a jikinsa. Amma idan ya taso daga sujada sai ka rantse saurayi ne, ba dafa ƙasa, ba nishi. Ni kuwa da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba, ni da na yi rayuwata a kan buzu da kujerar aji, ni ne gwiwar dama ta fara yi wa ƙara kamar tsohon ƙyaure. Da safe ta sage sai na ɗan taka, idan na daɗe a zaune ta ƙi miƙewa, wani lokaci ta kumbura. A sahu nakan saci kallon ƙafafun Bawa, in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Astagfirullah, a cikin salla fa.

Mai karatu zai ce, to ciwon gwiwa abin ɓoyewa ne? A wurin kowa ba haka ba ne, a wurin mai neman limanci kuwa haka ne. A karatun da muka yi, mai iya tsayuwa ba ya bin limamin da ya gaza tsayuwa. Ranar da aka gan ni ina salla a zaune, ranar maganar na'ibi ta ƙare. Don haka na ƙudura a raina ba wanda zai sani sai an yi naɗi. Bayan naɗi kuma, Allah Ya san yadda zai yi da bawansa (haka na gaya wa kaina, kamar ban san abin da nake yi ba).

Sai na shiga jinya a ɓoye. Na kira wanzami har cikin ɗaki ya yi mini ƙaho, na ja masa kunne kada ya faɗa. Na sayi wasu ƙwayoyi ja da rawaya wurin mai talla a kasuwa, suna kwantar da ciwon na rabin yini su bar ni da zafin ciki. Man zafi kuwa kwalba-kwalba, in shafa, in bi da turare don kashe warin. Sannan na ɗauko wani tsohon farin rawani na mahaifina, ina naɗe gwiwar da shi tam a ƙarƙashin wando duk lokacin da zan fita masallaci.

Hajo ta gaji da kallo. Wata rana ina cikin naɗin ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, wanga abu da kaka yi, wa kaka ɓoye ma? Wanda yab ba ka ciwon ya san da shi."

Na ce, "Ba Shi nika ɓoye ma ba."

"To Bawa kaka ɓoye ma. Ka tahi asibiti, ga ta nan cikin gari."

"Rabin layinmu can suka aiki. In tahi da sahe, kahin la'asar labari ya kai masallaci."

Ta ce, "Allah Shi kyauta," ta saki labule. Idan Hajo ta ce Allah Shi kyauta da wannan murya, to ta gama yanke hukunci ne, jiran ranar kawai take yi.

Shi kuwa Bawa, komai ya yi sai ya ƙara mini haushi. Idan za mu gaisa ba ya kama hannu sosai, 'yan yatsu kawai yake miƙowa kamar wani basarake. Na ce girman kai ne. Idan zai aika wasiƙa gida Argungu sai ya zo mini da takarda, ya ce, "Ɗan gwaggo, rubuta min, hannunka ya hi nawa." Ina rubutawa ina ƙuna, ina cewa a raina tun ba a naɗa shi ba ya mai da ni magatakarda. Wata rana da fitowa sallar Magariba ya matso ya shaƙi iska, ya ce, "Ɗan gwaggo, wanga turare naka shina da yaji. Ina kas saye shi? Idanuna har ruwa suka yi." Jama'a suka yi dariya, wasan taubasai ne. Na yi dariyar ni ma, amma ranar tuwo bai yi mini daɗi ba.

Saura kamar mako uku Baba Liman ya tashi, aka sa ɗaurin auren ɗansa da wata yarinya 'yar Argungu. Duk mazan layi muka cika ƙaramar bas. Tsakiyar bazara ce. Aka ba Baba gidan gaba, aka ce ni in zauna kusa da shi, na ƙi, don kada a ce na zaɓi wurin miƙe ƙafa. Na shige can baya, gwiwa a harɗe, buhun goro a kan sawuna. Ranar na ƙara wa rawanin ɗauri, na kuma haɗiyi ƙwaya biyu maimakon ɗaya. Kafin mu shiga Argungu ƙafar ta yi nauyi kamar ba tawa ba.

Muka zauna a tabarmi a ƙofar gidan uban amarya, aka yi ta jiran waliyyi. Da ya zo aka ɗaura aure, aka yi addu'a, aka raba goro. Kafin a watse lokacin Azahar ya yi nisa, masallacin unguwa sun riga sun yi tasu. Sai aka ce a yi jam'i a nan ƙofar gida. Aka yi alwala, aka ja sahu. Sahun farko da na biyu suna inuwar darbejiya, sauran kuwa suna cikin rana, wasu a kan tabarma, wasu a kan yashi.

Maigida ya ce Baba Liman ya shige gaba. Baba ya ce mota ta gajiyar da shi, ya waiwayo ya dube mu, ya ce, "Cikin malaman nan biyu wani shi shige."

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san yadda ake yi a irin wannan wuri. Wannan ya ce bismilla, wancan ya ce a'a, bismilla dai. A yi ta turawa sau biyu, sau uku, har sai wani babba ya kama hannun ɗaya ya ja shi, shi kuma ya tafi kamar wanda aka tilasta. Bawa ya buɗe hannu ya ce, "Bismilla, ɗan gwaggo." Bai rufe baki ba na riga na taka buzun liman. Ban mayar masa ko sau ɗaya ba. Na ji wani ya yi gyaran murya a sahu, na yi kamar ban ji ba. Zuciyata tana cewa, yau mutanen garinsu za su ga wanda ya fi.

Sai da aka ta da iƙama na tuna raka'a huɗu ce. Na yi saurin auna nisan Birnin Kebbi da Argungu a kaina ko zai kai na ƙasaru. Bai kai ba, ko da na ja shi.

Raka'ar farko ta wuce lafiya. Ta biyu na taso da dafa ƙasa. Da na tashi daga zaman tahiya gwiwar ta yi wata ƙara da na tabbata sahun farko sun ji. Na daure na yi ta uku, na yi ruku'u, na sauka. A sujada ta biyu na nemi in ɗago, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Gwiwar ta kulle. Wani zafi ya taso daga cikinta kamar an soka mini allurar ɗinkin buhu.

Na ce bari in ɗan jinkirta ko za ta saki. Na yi tasbihi uku, na ƙara uku, na ƙara bakwai. Na roƙi Allah duk abin da na sani. Ban taɓa yin sujada mai tsawo da naciya irin wannan ba, kuma kaito, ba don tsoron Allah na yi ta ba. A bayana mutum sun fi sittin, goshinsu a ƙasa, na baya a kan yashin da rana ta gasa tun hantsi. Na fara jin tari. Na ji wani tsoho yana nishi. Can sai wata murya daga sahun rana ta ce, "Subhanallah!" irin yadda ake tunatar da limamin da ya yi mantuwa, sai dai wannan muryar ta fi kama da ta mai neman ceto.

Na tattara ƙarfina na yi kabbara. Jama'a suka miƙe gaba ɗaya. Ni na kai rabi, ƙafa ta ƙi ɗaukata, na koma ƙasa daɓas a kan hannuwana.

Hukuncin na san shi, na karantar da shi ba sau ɗaya ba. Limamin da ya gaza a tsakiyar salla sai ya jawo wani daga bayansa ya ƙarasa da mutane, shi kuma ya koma sahu ya zama mamu. Ba magana, nuni kawai. Wanda ke daidai bayana Bawa ne. A hagunsa akwai Garba mai albasa, mutumin kirki, amma karatunsa bai wuce na fita farilla ba. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau: hagu hannuna ya fara nufa, wurin Garba. Ina zaune a ƙasa, cikin salla, gaban Ubangijina, gumi na zuba, amma na gwammace in ba Garba sallar mutum sittin da in ba Bawa. Allah Ya taimake ni kunya ta kama ni kafin yatsuna su kai. Na juya hannun na kama gefen rigar ɗan kawuna na ja.

Ya tako a hankali ya tsaya a wurina. Ni kuma na ja jiki da baya, a zaune, ina turawa da ƙafa ɗaya, zuwa gurbin da ya bari. A nan ne rawanin mahaifina ya ga ya gaji. Bakinsa ya saki ya leƙo ta ƙafar wando, ya maƙale a gefen buzu. Ina ja baya yana warwarewa. Kafin in isa sahu, farin ƙyalle ya miƙe tun daga sawuna har ƙarƙashin ƙafafun sabon liman, warin man zafi ya tashi ya cika inuwar darbejiya. Garba na tsaye kusa da ni, ina jin kafaɗarsa tana rawa. Allah Ya karɓi sallarsa, ban san yadda ya riƙe ta ba.

Na ƙarasa raka'a ta huɗu a zaune, ƙafa a miƙe, a bayan Bawa.

Aka sallame. Na baya suna shafa goshi. Garba ne ya fara magana, ya ɗago bakin rawanin da yatsa biyu ya ce, "Malam, ashe an riga an yi naɗin ba mu sani ba? Sai dai mu a kai munka saba ganin shi." Dariyar da aka danne tun raka'a ta uku ta ɓalle, har da mutanen Argungu da ba su san ni ba.

Baba Liman bai yi dariya ba. Ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Kun ga amfanin karatu. Da wani ne da ya ɓata muna salla. Malam ya san hukunci, ya kuma san wanda yad dace." Ya dube ni da idanun nan nasa masu rauni. "Na daɗe ina tunanin wa zan ba. To ga shi kai da hannunka ka jawo shi. Ni mi zan ƙara?"

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Bawa ne ya naɗe rawanin ya sa a aljihunsa, ya sa kafaɗa ya ɗaga ni, ya kai ni zauren kawu, mahaifinsa, da ke nan bayan gidan su amarya. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, na kasa ci. Muna mu biyu ya ce, "Ɗan gwaggo, wata nawa kana ɗaure da wanga abu?"

Na ce, "Kai dai ka samu abin da kaka so. Kai da Allah Yab ba gwiwar ƙarhe."

Sai ya miƙo mini hannuwansa biyu ya buɗe su a kan tabarma. Na duba. Gaɓoɓin yatsun duk sun yi ƙulli-ƙulli, manuniyar dama ta karkace. Ya ce, "Shekara huɗu ban iya riƙe alƙalami in cika layi ukku. In anka matse min hannu wurin gaisuwa, har cikin kaina nika ji. Kai kana tsammanin don mi nika kawo ma wasiƙa? In na ga rubutunka, wallahi wani lokaci sai na yi istigfari."

Shekara biyu muna layi ɗaya, sahu ɗaya. Na san yadda yake ɗaga kowace ƙafa, ban taɓa duban hannunsa ba.

Ranar Litinin ya ɗauke ni a babur ɗinsa zuwa asibiti, wurin likitan da yake gani saboda yatsun. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan ya ce amosanin gaɓɓai ne. Ya kwatanta mini cewa a bakin kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi da ke hana ƙashi gugar ƙashi, nawa ya fara cinyewa. Na tambaye shi ko sanyi ne ya shige ni. Ya ce ba ruwan gulbi ke kawo shi ba, ko da yake sanyi kan sa mai shi ya ƙara jin ciwo. Ya lissafa shekaru, da gado, da tsohon rauni, da nauyin jiki. Da ya zo kan nauyin jiki sai ya dubi tumbina, Bawa kuma ya dubi rufin ɗaki. Tsohon rauni ma akwai, na taɓa faɗuwa da keke a Sakkwato a kan wannan gwiwar, na manta.

Na nuna masa ƙwayoyin kasuwa, ya karɓe su ya jefa a kwando, ya ce irinsu ke ƙwaƙule ciki su taɓa ƙoda. Ɗaurin rawani kuwa ya ce jini nake tsarewa. Ya gaya mini gaskiya cewa abin da ya cinye ba ya dawowa, amma ana rage ciwon a kuma hana shi gudu. Ya rubuta magani da ƙa'idar shansa. Ya ce in rage tuwo, in riƙa tafiya kullum a hankali, in riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi, ya koya mini yadda zan kwanta in ɗaga ƙafa a miƙe don naman cinya ya yi ƙarfi ya taimaki gwiwar. Na rubuta duka da ajami a bayan katin. Da na kawo gida Hajo ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Ashe asibiti ba ta cizo."

Bawa ya yi na'ibi, daga baya ya yi liman shekaru masu yawa. Ni na samu wuri a ƙarshen sahun farko, jikin bango, inda nake miƙe ƙafa ba tare da na tokari kowa ba. Ranar da gwiwa ta yarda in tsaya, ranar da ta ƙi in zauna, kuma ban ga sallar ta ragu da komai ba. Duk wata takarda ta masallaci ni nake rubutawa, shi yana faɗa ina ja, wani lokaci in gyara masa magana ya yi kamar bai lura ba.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Ciwon da ka ɓoye wa likita, a gaban jama'a zai bayyana kansa, kuma shi zai zaɓi ranar. Idan kuma har zuciya ta matsa sai ka yi wa mutum hassada, to ka dube shi tun daga sama har ƙasa tukuna, kada ka tsaya a gwiwa.

Ban ce na warke sarai ba. Har ya bar duniya, Allah Ya yi masa rahama, idan Bawa ya taso daga sujada cak ba dafa ƙasa, nakan ji ɗan abin nan ya motsa a ƙirjina. Sai in yi istigfari, in kama bango, in bi shi.